Amsa ga ɗan yayana kan kwamin dutsen majami'ar Amiens

Ɗana, saƙonka ya iso, wanda kake tambaya ko mun mai da jikata Kirista saboda hotonta da ka gani a cikin coci, na kuma saurare shi har ƙarshe. Tun da ka ce ba kai kaɗai ke da tambayar ba, har a majalisarku an yi ta miƙa wa juna wayar ana duba hoton, to gara in amsa a fili kowa ya karanta, da maganar ta riƙa yawo a bayan idona. Ba a yi wa jikata baftisma ba, wato wankan shiga addinin Kirista. Ba a yi wa ko ɗaya daga cikin 'ya'yana ba. Abin da ka gan ta tsaye kusa da shi tsohon kwamin dutse ne da ke cikin babbar majami'ar garinmu, Amiens, a arewacin Faransa. Ranar da aka ɗauki hoton 'yan ajinsu duka suna wurin da malamarsu, kowa da littafinsa da fensir. Darasin tarihi aka kai su. Makarantun gwamnati a ƙasar nan tun 1882 aka fitar da koyar da addini daga cikinsu, ginin kansa kuma mallakar gwamnati ne, kamar yadda dokar 1905 da ta raba coci da hukuma ta bar shi. Da kuɗin haraji ake gyaransa, kuma cikin harajin nan akwai gumina da na marigayi maigidana.

Kwamin yana can gefe a ɓangaren arewa na ginin, wanda bai san da shi ba sai ya wuce bai lura ba. Dogo ne, mai kusurwa huɗu, siffarsa kamar kwamin da ake shayar da shanu a bakin rijiya, sai dai wannan na dutse ne, an ɗora shi kan gajerun ƙafafu da aka yi masa daga baya. Babban mutum zai iya kwanciya a ciki. A kowace kusurwa an sassaƙa mutum guda, annabawan Bani Isra'ila ne a wurinsu, an kuma gane sunayen biyu, Yowel da Zakariya. Wannan Zakariyan ba mahaifin Annabi Yahaya ba ne, wani ne da ya riga shi da ɗaruruwan shekaru, yana cikin littattafan Yahudu da Nasara. Masana sun ce wajen shekarar 1180 aka sassaƙa kwamin, ka ga ke nan ya girmi ginin da yake ciki. Tsohuwar majami'ar gobara ta cinye ta a 1218, aka aza harsashin ta yanzu a 1220, zamanin wani bishop, wato babban limamin coci, mai suna Évrard de Fouilloy, babban maginin kuwa Robert de Luzarches. Dutsen ya tsira daga waccan wutar, ya ga yaƙin duniya na farko lokacin da aka jibge buhunan yashi a jikin ginin don tsoron bama-bamai, ya kuma ga watan Mayun 1940 da tsakiyar garin ya ƙone, majami'ar na tsaye.

Ba zan ɓoye maka ba, ina alfahari da ginin nan, ko da yake ba wurin ibadata ba ne. Tsawonsa mita 145, daga ƙasa zuwa rufin ciki mita 42, babu majami'ar zamanin da ta fi shi faɗin ciki a duk Faransa, kuma tun 1981 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Duk baƙon da ya zo mini daga gida sai na kai shi, yadda kai ma in baƙo ya zo Damagaram za ka zaga da shi Birni ya ga fadar Sarki. Mutumin da ya zauna gari ya haihu a ciki, ya aurar, ya binne nasa a ciki, in aka tambaye shi abin da ya fi komai girma a garin ya ce bai taɓa leƙawa ba, wannan ba tsoron Allah ya nuna ba, rashin kula ya nuna.

Na san abin da za ka ce: halal ne Musulmi ya shiga coci? Mun tambaya tun zuwanmu. Malamai sun saɓa, wasu sun ƙi saboda siffofin da ke ciki, wasu sun yarda muddin ba ibadarsu za ka taya su ba. Mun bi na biyun, da iyakokinmu. A bakin ƙofa akwai ruwan da suke tsoma yatsa su shafa a goshi, ba ma taɓawa. Ba ma durƙusawa, ba ma kunna kyandir, in ana cikin addu'arsu mukan jira su gama. Da mayafina nake shiga, ba wanda ya taɓa ce mini in cire. Inda aka hana 'yan mata rufe kai shi ne makarantar gwamnati, da dokar 2004, kuma wannan dokar ta ci mana rai fiye da duk wani abu da coci ta taɓa yi mana.

Akwai abin da zai ba ka mamaki. Mutanen Amiens sun yi imani cewa wani ɓangare na kan Annabi Yahaya yana cikin majami'ar nan. Wani malamin coci mai suna Wallon de Sarton ya zo da shi a 1206 daga Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, bayan mayaƙan Turai sun wawashe birnin a 1204. Masu ziyarar da ya jawo suna cikin abin da ya kawo dukiyar da aka yi wannan gini da ita. A masallacin Banu Umayya na Dimashƙa ma akwai hubbaren da Musulmi ke cewa kan Annabi Yahaya ne a ciki. Ni ban ɗauki na nan a matsayin gaskiya ba, nakan wuce ta wurin in yi wa Annabin sallama a zuciyata, shi ke nan. Amma ka lura, a wurin Nasara shi ne ya yi wa Annabi Isa baftisma a kogin Urdun, daga nan al'adar ta samo tushe. Mu kuma mun san shi a Suratu Maryam, yaron da Allah da kansa ya raɗa wa suna, sunan da ba a taɓa sa wa kowa ba kafinsa. Mun yi tarayya da su a girmama shi. Inda muka rabu shi ne kalmomin da fada, wato limamin coci, ke faɗa yana zuba wa jariri ruwa sau uku, da sunan uba da ɗa da ruhu. Wannan ba namu ba ne, ba zai zama namu ba, kuma maƙwabtana Kiristoci sun san haka domin na faɗa musu da bakina, ba mu ɓata ba.

Maganar kwamin kuwa biyu ce. Ana kiransa kwamin baftisma, domin a zamanin da nutsa mutum ake yi cikin ruwa, daga baya aka koma zuba masa kaɗan a ka, shi ya sa na baya-bayan nan ƙanana ne. Amma akwai daɗaɗɗiyar magana a garin cewa wankan gawa aka riƙa yi a cikinsa. Wannan ita ta riƙe ni. Ka san, ko watakila ba ka sani ba tun da ba a tambayarmu irin wannan, ina cikin matan da ake kira in mace Musulma ta rasu a yankinmu. Wata tsohuwa 'yar Maroko ce ta koya mini, a kan abin da na riga na gani wurin kakarka. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: da na dubi tsawon kwamin nan da zurfinsa, na ga wurin da za a shimfiɗa mutum a juya shi dama da hagu ba a wahala ba. Ko me aka yi da shi, hannuwa ne suka tsaya a kansa suna wanke ɗan wani ko uwar wani. Na fi ganin darajarsa ta wannan fuskar fiye da duk gwal ɗin da ke cikin ginin.

Tun da mutuwa ta shigo zancen, bari ka ji yadda muke yi, don nan ne ake gane wanda ya riƙe nasa. A nan ba a binne mutum ranar da ya rasu. Doka ta ce sai an cika sa'a 24, takardu kuma sukan ja kwanaki. Ba a sa gawa cikin ƙasa da likkafani kaɗai, dole sai cikin akwati. Wankan a ɗakin masu shirya jana'iza ake yi, kan teburin ƙarfe, mu muke zuwa da turarenmu da kafur da farin yadi. Kabari kuma haya ne na shekaru, 15 ko 30 ko 50, in wa'adi ya cika iyali su sabunta. Saboda haka da yawa cikinmu suna zuba kuɗi a asusu duk wata, don in ta Allah ta kasance a kai su gida. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya zuba a asusun nan shekara da shekaru, amma da ciwo ya yi nisa sai ya kira 'ya'yansa ya ce a binne shi nan, a ɓangaren Musulmi na maƙabarta. Dalilinsa ɗaya: jikokinsa su san inda kakansu yake, su je su yi masa addu'a da ƙafarsu. An fuskantar da shi alƙibla, an yi masa salla sahu-sahu, Larabawa da Fulanin Gine da mutanen Mali da 'yan'uwanmu da suka taso daga Paris da Lille. Duk da haka sai da magana ta iso mini daga gida cewa mun bar shi a ƙasar kafirai. Ina cikin takaba na ji wannan. Na yafe wa wanda ya faɗa, amma har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Yanzu kuma haihuwa. Abin da ya sa kuke ganin baftisma kamar wani tarko da aka ɗana mana shi ne ba ku san matsayinta a wurin mutanen nan ba. A da ita ce sunansu kuma ita ce takardar haihuwarsu. Sarki François na ɗaya ya kafa doka a 1539, a wani gari da ake kira Villers-Cotterêts, nan yankin Picardie, cewa kowane fada ya riƙa rubuta waɗanda ya yi wa baftisma a littafi. Haka aka tafi har juyin juya halinsu, a 1792 aka karɓe littafin daga hannun coci aka miƙa wa ofishin magajin gari. Yau Faransawa da yawa ba sa kai 'ya'yansu coci ko kaɗan. Wasu ma a ofishin magajin gari suke yin wani biki maras addini, su naɗa wa yaro uban goyo da uwar goyo, a ci a sha a watse. Masu yi a coci kuma, dokar cocin Katolika kanta ta ce ba a yi wa jariri sai da yardar iyayensa, aƙalla ɗaya daga cikinsu, da kuma tsammanin za a rene shi cikin addinin. Ba wanda ke bin yaran mutane da ruwa a hannu.

Abin da ya dame mu a haihuwa ba fada ba ne, takarda ce. Dole a kai sunan jariri ofishin magajin gari cikin kwana 5 da haihuwa, kafin ranar suna ke nan. Saboda haka tun ciki na tsufa ake shawara, uba ya yi wa jariri kiran salla a kunne a asibiti, a rubuta sunan a takarda, amma a riƙe shi a cikin gida ba a yaɗa ba sai ran bakwai. Ran bakwai da safe maza su taru a falo, a yi addu'a, a raɗa suna, a raba goro da dabino. Wanzami babu, uba ne ke aske kan da hannunsa. Rago kuwa ba a yanka shi a gida ko a bayan bene, haramun ne a doka sai a mayankar da hukuma ta yarda da ita, shi ya sa muke aiko da kuɗi ku yanka a can. Kai da kanka ka sha cin naman sunan yaran da kake tambaya ko an mai da su Kirista. Taron mata sai Asabar ko Lahadi, don kowa na aiki, mu kama zaure haya, a yi dambu da fankasau da tuwon shinkafa, a sa kiɗa, a yi liƙi. Mai jego tana wankanta na kwana 40 da ruwan zafi a banɗaki, ba ganye ba murhu, kunun kanwa kuma ba ya yankewa. Geron da kanwar daga shagunan Château Rouge a Paris nake sayo su, sa'a ɗaya da 'yan mintoci ne a jirgin ƙasa daga nan.

To, sai maganar da na san ita ce a ƙarƙashin tambayarka, auren taubashinka, ɗana, uban yarinyar. E, Baturiya ya aura, 'yar wani ƙauye a bakin kogin Somme. A'a, ba ta musulunta ba. Duk wanda ya kira ni daga gida, bayan gaisuwa tambayar da ke biyo baya ke nan, kamar ba ta da wani hali da ya cancanci a tambaya sai wannan. Allah ya halatta wa namiji Musulmi auren Ahlul Kitabi a Suratul Ma'ida, shiriya kuma a hannunsa take, ba a hannuna ba. An ɗaura aurensu a ofishin magajin gari tukuna, domin doka ta hana limami ko fada ɗaura aure kafin na hukuma, sannan aka yi fatiha da sadaki da shaidu. Tun kafin a kai ga nan suka zauna suka yanke cewa 'ya'ya Musulmi ne, naman alade da giya ba sa shiga gidan. Shekarun nan duka ba ta saɓa ba. Lokacin jinyar maigidana ita ke fitowa daga aiki ta biyo asibiti, ita ta iya bakin likitoci, ita ta bi takardun jana'iza ofis-ofis ina zaune ban san inda kaina yake ba. Da azumi takan jira mijinta su sha ruwa tare. In ta shigo wurina sai ta rage murya ta gaishe ni da Hausarta ta koyo, ba ta taɓa kiran sunana ba tun ranar da aka gaya mata ba a yi.

Wadda abin ya yi wa ciwo ita ce mahaifiyarta. Tsohuwa ce mai riƙo da cocinta. Tana da wata farar riga ta jarirai da aka yi wa kakarta baftisma a ciki, aka yi wa ita, aka yi wa 'ya'yanta, tana ajiye da ita cikin takarda tana jiran jika. Da aka gaya mata ba za a yi ba, ta yi kuka. Na zauna kusa da ita, ban ce mata komai ba, don na san irin kukan. Da jikata ce za a rena cikin wani addini, da nawa ya fi nata. Ran taron suna sai ga ta da kwali cike da alewar almon mai farin sukari, irin wadda suke rabawa ran baftisma, ta ce ko ba coci, ba za a ce jikarta ta zo duniya ba a raba alewa ba. Muka zuba a faranti ɗaya da goro da dabino. Rigar kuma aka sa wa yarinyar ranar, aka ɗauki hoto, riga ce kawai. Ba ta ƙara tayar da zancen ba, ba ta kuma taɓa ɗaukar yarinyar ta kai ta wurin fada a ɓoye ba, ko da yake sau da yawa a hannunta ake barin ta. Wannan amanar nake so ku riƙa sawa a ma'auni in kuna maganar mutanen nan.

Auren 'ya'ya mata ya fi wuya, ba zan yi maka ƙarya ba. Mace Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba, a kan wannan ba mu motsa ba. Amma ina mazan? Mu nan ba mu da zango. Ba kamar Kumasi ko Accra ba ne, inda Bahaushe zai tashi a unguwar Hausawa da sarkinsu da makarantar allonsu da mahautansu. Mu a warwatse muke, gida ɗaya nan, gida biyu can, sai suna ko rasuwa ko Salla ke tara mu. Masallacin da muke zuwa huɗuba da Larabci da Faransanci ake yi, galibin mutanen 'yan Maroko da Aljeriya ne, Malikawa irinmu. Ƙanwar taubashinka ta auri yaro ɗan Senegal, mai salla, mai ladabi, iyayensa mutanen kirki. Daga gida aka ce ai ba Bahaushe ba ne. Waɗanda suka aiko neman aurenta daga can kuwa, wasunsu ko muryarta ba su taɓa ji ba, takardar zama suke hange. Uwa tana ganewa. Akwai kuma gidajen da 'yarsu ta kawo wanda ba Musulmi ba, wasu samarin suka musulunta da gaske, wasu da baki, wasu gidajen kuma har yau uba da 'ya ba sa magana. Wannan ciwon yana nan a cikinmu, muna kwana da shi, ba ma bukatar a riƙa danna mana shi daga nesa.

Ka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Akwai gaskiya a ciki, kuma ga inda take: harshe. 'Ya'yana suna jin Hausa sarai, suna mayarwa, ko da yake in magana ta yi zafi Faransanci ke fitowa. Jikoki kuwa gaisuwa suka iya, da sunayen abinci, da "zo nan" da "bari". Wannan shi ke hana ni barci, ba dutsen majami'a ba. Yaro yana fita tun safe sai yamma, makaranta da abokai da talabijin duk harshe ɗaya, ni kaɗai ce ke ja ta ɗaya gefen. Ina yi musu tatsuniya, Gizo da Ƙoƙi sun san su, in na ce "ga ta nan ga ta nanku" suna amsawa. Ran Laraba da rana da ran Asabar suna zuwa karatun Alƙur'ani. Jikar nan tawa da kuka gani a hoto ta kai Sabbi, tana salla a bayana. Kunya kuma tana nan: har gobe ban iya kiran sunan ɗan farina ba, yaran suna mamaki, na bayyana musu, yanzu sun gane. In Hausanci jini ne da addini da kunya da zumunci, muna da shi. In kuwa sai wanda ya iya karin magana da habaici, to a birnin Kano da Yamai ma akwai gidajen da yaransu Turanci ko Faransanci suka fi ji, ba a kuma ce sun fita daga Hausawa ba.

Baftisma ma ai ba a Turai kaɗai take ba. Akwai Hausawa Kiristoci a Wusasa ta Zariya, akwai su wajen Maraɗi da Dogon Dutse, da Hausa suke addu'arsu, ba wanda ya isa ya ce musu ba Hausawa ba ne. A Damagaram ɗinmu akwai coci tun ina yarinya. Ranar 16 ga Janairun 2015 aka ƙone coci-coci a can, washegari aka yi a Yamai, saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta nan ta yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Zanen ya ƙona mana rai fiye da yadda kuke zato, don mu a gaban idonmu ake sayar da jaridar. Amma waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada a gida ba su suka yi zanen ba, maƙwabtanku ne, tare kuke cin kasuwa. A makon da abin ya faru mahaifiyar surukata ta kira ni a waya, ta ga sunan garinmu a labarai. Ba ta zarge ni ba, tambaya ta yi ko dangina lafiya. Na amsa mata, na ajiye wayar, na daɗe zaune. Mu da ke nan mu ke ɗaukar nauyin abin da aka yi a can, kamar yadda in mun zo can ake ɗora mana nauyin abin da gwamnatin nan ta yi.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuwa abin ya ƙaru. Sojojin Faransa sun fita daga Nijar a ƙarshen shekarar, an rufe ofishin jakadanci, jiragen nan sun daina sauka Yamai, sai mutum ya zaga ta Istanbul ko Casablanca da tsadar da ba kowa ke iyawa ba. A nan ana kallonmu 'yan Nijar, a can ana ce mana 'yan Faransa. Na ji da kunnena an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, bai taɓa faɗa mini haka ba. Shi ya raka ni tasha ranar da zan taho, ya sa mini ƙullin kuka da daddawa da yaji cikin akwati, ya ce duk inda na sauka in fara neman alƙibla sannan in nemi maƙwabci. Duk wasiƙar da ya aiko, kafin zamanin waya, sai ya tambayi sunayen maƙwabtana ɗaya bayan ɗaya, har da wata tsohuwa Baturiya da ke ƙasan benenmu wadda ta koya mini yadda ake kunna na'urar ɗumama ɗaki a sanyin farko. Da ta rasu na je cocin da aka yi mata addu'a, na zauna a baya da mayafina, na rubuta masa. Amsarsa ita ce na kyauta, haƙƙin maƙwabtaka ne.

Abin da nake roƙo a wurinku kaɗan ne. In kun ga hoto, ku kira ku tambaya kafin ya zaga majalisa. Kai ka yi daidai da ka tambaye ni kai tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta maka duk wannan. In kun kira kuma, wani lokaci ku tambayi yadda muka kwana, yadda sanyi yake, yadda ƙafata take, ba sai in ana bukatar kuɗin makaranta ko na magani ba. Ba gori nake yi ba, abin da muke aikowa haƙƙinku ne, kuma za mu ci gaba in Allah ya yarda. Amma yana da zafi hannun da ake karɓa daga gare shi a riƙa shakkar alwalarsa. Ku riƙa aiko wa yaran saƙon murya da Hausa, ku kira su da sunayensu, ku tsokane su irin ta taubasai. Kai ɗin nan da 'yan'uwanka kun fi ni ikon riƙe musu harshen, don ni tsohuwa suke ganina, ku kuwa za su so su yi kama da ku.

Matar taubashinka tana da ciki, likita ya ce bayan Babbar Salla. Ka fara zaga kasuwa ka ji kuɗin rago, mai kyau, ba ramamme ba, ka gaya mini kafin farashin Salla ya tashi. A gidan mahaifinka nake so a yanka, a kai wa maƙwabta da almajiran Malam rabonsu. In namiji ne, sun riga sun yanke shawara sunan mahaifinka za a sa masa. Ka gaida mahaifiyarka da iyalinka, ka ce mata garin kukar da ta aiko ya ƙare.